Waƙar Ibada da Abin da Ke Dawwama: Ra'ayin Agustin na Hifo

1. Gabatarwa

Tun farkon zamanin ikilisiya malaman Kirista suke jayayya a kan wata tambaya wadda har wa yau ba a gama da ita ba, watau ko daɗin muryar mawaƙa yana taimakon mai ibada, ko kuwa sace masa hankali yake yi. A cikin waɗanda suka yi magana a kan wannan al'amari, da wuya a sami wanda ya kai Agustin, bishof na Hifo, zurfafa bincike. Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana ra'ayinsa, ta kuma nuna yadda ya ɗaure maganar waƙa da wata magana wadda ta fi ta girma a wurinsa, watau fifita abin da ke dawwama a kan abin da ke shuɗewa. Akwai dalilin da ya sa batun ya dace da masu nazarin Hausa. Agustin malamin harshe ne kafin ya zama malamin addini, yawancin hujjojinsa kuwa a kan gaɓar kalma ya gina su, gajeriya da doguwa, abin da ba baƙo ba ne ga duk mai koyar da rubutacciyar waƙar Hausa.

2. Mutumin da zamaninsa

An haifi Agustin a shekara ta 354 a garin Tagasta, wanda yanzu ake kira Suk Ahras, a ƙasar Aljeriya. A lokacin nan arewacin Afirka yana ƙarƙashin mulkin Rumawa, harshen karatu kuma Latin ne. Ya koyar da ilmin balaga a Kartaj, sa'an nan a birnin Rum, a 384 kuma ya sami kujerar koyarwa a Milan. Uwarsa Monika Kirista ce, amma shi ya yi kamar shekara 9 yana bin Manikiyawa, wata ƙungiya mai cewa jiki da sauran abubuwan da ake taɓawa daga mugun tushe suka fito. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin zai taimaka wajen gane abin da Agustin ya ƙi yarda da shi daga baya.

A Milan ya tarar da bishof Amburos. A 386 Yustina, uwar yaron sarki Balantiniyan na 2, ta nemi a ba mabiya Ariyus ɗaya daga majami'un birnin, su kuwa sun saɓa da Amburos a kan matsayin Almasihu. Amburos ya ƙi. Sojoji suka kewaye majami'ar, jama'a kuma suka zauna a ciki dare da rana tare da bishof ɗinsu, Monika tana cikinsu. Agustin ya ba da labari a littafinsa mai suna Confessiones, wanda ya rubuta wajen 397 zuwa 400, cewa a kwanakin nan ne aka fara rera Zabura da waƙoƙin yabo a Milan bisa al'adar ikilisiyoyin gabas, don kada baƙin ciki da gajiya su karya zuciyar mutane. Daga nan al'adar ta bazu.

Amburos ya yi wa Agustin baftisma a daren Idin Ista na 387. Agustin ya ambaci yadda ya riƙa zub da hawaye a kwanakin da suka biyo baya in ya ji jama'a suna rerawa. A shekarar nan Monika ta rasu a Ostiya, ya kuma ce tuna wata waƙar Amburos ce, yana kwance shi kaɗai, ta kwance masa kukan da ya danne. Saboda haka duk shakkar da ya nuna daga baya a kan waƙa, shakka ce ta wanda ya san ƙarfinta a jikinsa.

3. Awon gaɓa

A 387 ɗin nan Agustin ya fara wani littafi mai suna De Musica, ya gama shi bayan komawarsa Afirka, wajen 391. Kashi 6 ne, an tsara shi a kan tambaya da amsa tsakanin malami da almajiri. Wanda ya buɗe shi yana neman bayanin molo ko sarewa ba zai samu ba. Kashi 5 na farko duk a kan awo suke. Gajeriyar gaɓa tana cin lokaci ɗaya, doguwa tana cin biyu. In an haɗa gaɓoɓi sai su ba da ƙafa, ƙafafu kuma su ba da ɗango. Ya lissafta ƙafafu 28: guda 4 masu gaɓa biyu, 8 masu gaɓa uku, 16 masu gaɓa huɗu. Ya yi niyyar ƙara wasu kashi 6 a kan rauji, watau hawa da saukar murya a cikin rerawa, amma aikin ikilisiya ya hana shi, domin an naɗa shi limami a Hifo a 391, bayan 'yan shekaru kuma ya zama bishof.

A kashi na 6 ne manufarsa ta fito fili. Ya ce awon da ke cikin ɗango guda yana da mazauni iri iri. Akwai shi a cikin sautin da ke kaɗawa a iska, akwai shi a kunnen mai ji, akwai shi a aikin mai furtawa, akwai shi kuma a cikin tunawa, tun da mutum yana iya rera waƙa a zuci bakinsa a rufe. A bisa waɗannan duka akwai wani alƙali a cikin rai, wanda ke jin cewa wannan ɗango ya daidaita, wancan kuwa ya karye. To, da wane ma'auni alƙalin nan yake hukunci? Ba a taɓa samun gaɓoɓi biyu da tsawonsu ya zama daidai wa daida a bakin mutum ba, amma duk da haka rai ya san abin da ake nufi da daidaito, yana kuma gane inda aka kasa kaiwa gare shi. Agustin ya ce ba daga kunne rai ya koyo wannan ba, domin kunne bai taɓa jin cikakkensa ba. Dangantakar ɗaya da biyu ba ta tsufa, ba ta kuma sākewa ko da babu mai waƙa a duniya. Daga nan ya kai ga cewa tushen wannan daidaito wanda ba ya sākewa shi ne Allah, kyan waƙa kuwa ɗan kwaikwayonsa ne kawai.

4. Gaɓa mai wucewa

A kashi na 11 na Confessiones ya sāke ɗaukar gaɓa, wannan karo don ya binciki lokaci. Ya kawo ɗangon farko na waƙar nan ta Amburos, mai gaɓa 8, gajeriya da doguwa suna bin juna. Kowa ya yarda doguwar ta ninka gajeriyar. Amma yaushe aka auna su? Sa'ad da doguwar take fita, gajeriyar ta riga ta wuce, babu ita balle a jera su. Ita kanta doguwar ba a san tsawonta sai ta ƙare, in ta ƙare kuwa ta tafi. Amsarsa ita ce, abin da ake aunawa shi ne sawun da gaɓar ta bari a cikin rai.

Sa'an nan ya faɗaɗa misalin. Mutumin da zai karanta Zabura da ka, kafin ya fara, dukanta tana gabansa yana jiranta. Da ya fara, sai abin da yake jira ya riƙa raguwa, abin da yake tunawa yana ƙaruwa, har ta ƙare ta koma tunawa gaba ɗaya. Ya ce haka kowace gaɓa take a cikin Zaburar, haka ran mutum yake daga haihuwa zuwa mutuwa, haka kuma zamanin 'yan Adam duka. A wani wuri cikin littafin ya lura cewa magana ba ta cika sai kowace kalma ta kauce ta ba ta bayanta wuri. Wanda ya so wata gaɓa har ya nemi ta tsaya, ya rasa jumlar ke nan.

Wannan shi ne ginshiƙin ra'ayinsa a kan abin duniya. Bai yarda da Manikiyawa cewa abin da aka halitta mugu ne ba. Dukiya da lafiya da abota da murya mai daɗi duk abubuwa ne masu kyau a wurinsa, kamar yadda kowace gaɓa take da kyau a muhallinta, sai dai an yi su ne su wuce. Laifin yana ga mai neman hutawa a kansu. A littafinsa De Doctrina Christiana ya raba abubuwa gida biyu: wanda ake so don kansa, da wanda ake amfani da shi don a kai ga wancan. Allah kaɗai ya sa a gida na farko. Ya ba da misalin matafiya da ke ƙasar baƙunci suna son komawa gida, sun sami abin hawa na tudu da na ruwa, amma daɗin tafiyar ya ɗauke musu hankali har suka daina son ta ƙare. Ba a ce su ƙi abin hawan ba, domin in babu shi ba za su isa ba. A lissafinsa waƙa tana cikin abubuwan hawa.

5. Daɗin kunne

A kashi na 10 na Confessiones Agustin ya bi gaɓoɓin ji ɗaya bayan ɗaya yana tuhumar kansa, da ya zo kan kunne kuwa sai ya kasa yanke hukunci da sauri. Ya yarda cewa kalmomi masu tsarki sun fi hura wutar ibada a zuciya in an rera su, kuma kowane hali na rai yana da irin muryar da ke ta da shi. Amma ya ga wani hatsari. Daɗin ji kamar bara ne wanda aka bari ya shigo albarkacin ubangidansa, watau hankali, da ya shigo kuwa sai ya nemi ya wuce gaba. Mai ibada ba ya lura da lokacin da hakan ke faruwa, sai daga baya ya farga cewa ya daɗe yana bin muryar, ya bar ma'anar a baya.

Ya ce wani lokaci tsoron wannan yakan kai shi ga tsanani fiye da kima, har ya so a kawar da rauji daga majami'a ɗungum. A irin wannan lokaci yakan tuna abin da aka sha faɗa masa game da Atanasiyus, bishof na Iskandariya, wanda ya sa mai karanta Zabura ya rage lanƙwasa murya har karatun ya fi kusa da magana bisa ga waƙa. Amma in ya tuna hawayen da ya zubar a Milan, sai ya ga amfanin al'adar. Ya ƙare da karkata ga barin waƙa a majami'a, domin rarraunan rai ya sami abin da zai tallafe shi zuwa ibada ta hanyar kunne, ya kuma faɗa a fili cewa wannan ba hukuncin da ba ya sākuwa ba ne. Sharaɗi ɗaya ya kafa: duk ran da rerawar ta motsa shi fiye da abin da ake rerawa, to, ya yi zunubi, gara ma a ce bai ji mawaƙin ba.

Abin lura a nan shi ne, bai ɗora laifin a kan wani irin kiɗa ko wani irin rauji ba. Waƙa ɗaya, a majami'a ɗaya, tana iya zama ibada ga wannan, ta zama shagala ga na kusa da shi. Ma'auninsa yana cikin zuciyar mai ji, inda babu wani shugaba da zai iya leƙawa. Shi ya sa maganarsa ta yi wuyar mayarwa doka.

6. Kalmar da jama'a za su gane

In ma'ana ce ke gaba, lalle ne jama'a su ji kalmomin su gane su. A nan ne malamin balaga ya sadaukar da wani abu na sana'arsa. A Latin akwai kalma os: in wasalinta gajere ne tana nufin ƙashi, in dogo ne tana nufin baki. Agustin ya lura cewa kunnen mutanen Afirka na zamaninsa ba ya rarrabe gajeren wasali da dogo, saboda haka ya ce gara mai wa'azi ya ce ossum, yadda talakawa suke kiran ƙashi, ko da malaman nahawu za su ce kuskure ne, da a bar jama'a cikin ruɗu.

Ya aikata wannan a cikin waƙa. Wajen 393 ya tsara wata waƙa don talakawa a kan saɓanin da ke tsakanin ikilisiyarsa da mabiya Donatus, waɗanda suka ware tun farkon ƙarnin nan. Baitocinta 20 suna bin jerin haruffa daga A zuwa V, kowane baiti yana da ɗango 12, akwai amshi da jama'a za su riƙa maimaitawa, kowane ɗango kuma yana ƙarewa da sautin e, watau amsa-amo guda daga farko har ƙarshe. Amma bai bi awon gajeriya da doguwa ba. A littafin da ya waiwayi ayyukansa a ciki, wajen 427, ya faɗi dalili: yana gudun kada larurar awo ta tilasta masa sa kalmomin da jama'a ba su saba da su ba. Mutumin da ya cika kashi 5 da bayanin ƙafafu, shi ne ya ajiye su sa'ad da suka tare wa ma'ana hanya.

Agustin ya rasu ran 28 ga Agusta, 430, mayaƙan Bandal sun kewaye Hifo, garin da yanzu ake kira Annaba. Abokinsa Fosidiyus, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce a ciwon ajalinsa ya sa an rubuta masa Zaburan tuba an liƙa a bango inda zai gan su daga kwance, yana karantawa yana kuka.

7. Magadansa

Tun da yake bai rufe ƙofar ba, waɗanda suka zo bayansa sun rabu a kan maganarsa, rabuwar kuwa ta fi fitowa a ƙarni na 16. Zuwingili na Zurik gwanin kiɗa ne ƙwarai, amma ya ɗauki ɓangaren tsoron. A zamaninsa aka daina waƙa a majami'un birnin, a 1527 aka fasa ogan na babbar majami'a, jama'a kuma ba su koma rerawa ba sai 1598. Kalbin na Jeneba ya tsaya a tsakiya. Ya kafa hujja da Agustin da sunansa, ya yarda a rera Zabura cikin Faransanci da murya ɗaya, ba tare da kayan kiɗa ba, aka kammala littafin Zaburan Jeneba a 1562. Martin Luta, wanda ya shiga ƙungiyar zuhudu mai bin ƙa'idar Agustin a 1505, ya ɗauki ɓangaren amfanin. Ya sa kiɗa da waƙa a daraja ta biyu bayan ilmin tauhidi, littattafan waƙoƙinsa na farko kuma suka fito a 1524. Amma shi ma ya riƙe sharaɗin ma'ana, domin a 1525 ya yi gargaɗi cewa juya kalmomin Latin zuwa Jamusanci, a bar su a kan raujin Latin, ba ya yin daɗi, dole kalma da rauji su fito daga harshen jama'a.

8. Abin da ya shafi Hausa

Gargaɗin nan na Luta shi ne ya kawo maganar gida. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, Dokta Walter Miller yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin. Ikilisiyoyi da yawa a arewacin Nijeriya, har na kabilun da Hausa ba harshensu na gado ba ne, suka ɗauke ta harshen sujada. Waƙoƙin yabo da yawa da aka fara rerawa a cikinsu juyi ne daga Turanci, an ɗora su a kan raujinsu na asali.

Raujin nan an yi shi ne don harshe mai dogara da nauyin furuci da yawan gaɓoɓi. Hausa kuwa, kamar Latin na dā, tana rarrabe gajeriyar gaɓa da doguwa. Baƙi da gajeren wasali gajeriya ce, baƙi da dogon wasali ko wadda ta rufe da baƙi doguwa ce. Joseph Greenberg ya nuna a 1949 cewa a kan wannan aka gina awon rubutacciyar waƙar Hausa. Tsawon wasali yana raba ma'ana: garin da ake zama a ciki wasalinsa na farko gajere ne, garin tuwo kuwa dogo. Bugu da ƙari Hausa tana da karin sauti, abin da Latin ba ta da shi: kukan hawaye gaɓoɓinsa biyu a sama suke, kukar miya kuwa ta biyun a ƙasa take. In rauji ya ja gajeriyar gaɓa, ko ya hau inda kalma ta sauka, to, ya taɓa abin da ke riƙe da ma'ana.

Bai kamata a zuzuta matsalar ba. Mawaƙan Hausa na baka su ma ba kullum raujinsu yake bin karin sauti ba, mai ji kuma yakan gane kalma daga maƙwabtanta. Amma kowace gaɓa da aka murɗe tana ƙara wa hankali aiki, in kuwa suka yi yawa sai ya gaji ya bar kunne shi kaɗai da daɗin muryar. Abin da Agustin ya ji tsoro a matsayin raunin zuciya, a nan yana iya aukuwa ta hanyar kuskuren mai juyi, ba tare da mai ibada ya yi niyyar shagala ba. Akwai kuma bambanci tsakanin jama'arsa da masu jin Hausa. Shi ya iya ajiye awon gaɓa domin kunnen mutanensa ya riga ya daina jinsa, kunnen Bahaushe kuwa yana jinsa sarai. Saboda haka bin manufar Agustin a Hausa yana bukatar kishiyar abin da ya yi a waƙarsa ta 393, watau a kiyaye tsawon gaɓa.

Malamin da ke koyar da waƙa a kwalejin horon malamai yana iya gwada wannan da ɗalibansa, ko waƙar ta addini ce ko ta makaranta. A rubuta ɗango, a sa alamar gajeriya da doguwa a bisa kowace gaɓa, a karanta shi da muryar magana, sa'an nan a rera shi a ƙidaya wuraren da rauji ya saɓa wa alamun. Daga baya a kira wanda bai taɓa ganin rubutun ba, a rera masa sau ɗaya, a ce ya maimaita kalmomin. Inda ya yi tuntuɓe, nan ne ya kamata a sāke kalma ko a gyara rauji.